Jan Ɗigon Safiya

Tun kafin Auta ta ajiye jakarta, jan ɗigon ya sake fitowa a fuskar kwamfutarta.

Kamfaninsu ya yi wata manhaja mai tuna wa marasa lafiya lokacin shan magani. A cikinta sun dasa wata 'yar ƙaramar manhaja mai sa ido da 'yan ofis ke kira Magulmaciya. Duk wayar da manhajar ta maƙale a kai ta rufe kanta, sai Magulmaciya ta rubuta abin da ya faru ta aiko musu, jan ɗigo ya fito a shafinsu. Ba ta faɗin sunan mai waya, lamba kawai take bayarwa.

Lambar da ke jawo jan ɗigon nan kuwa Auta ta haddace ta. Kullum da sassafe labarin ɗaya ne: an buɗe manhaja, an danna saƙon murya, ya fara, ta mutu. Sai a sake buɗewa, ta sake mutuwa. Wata rana sau biyu, wata rana har rahotannin su cika shafi.

Laifin nata ne, ta kuma sani. Ita ta rubuta sashen da mutum ke naɗar muryarsa don tuna wa nasa shan magani, tun farkon aikin, lokacin da kowa a ofis ke saka wa 'yan gidansu manhajar don gwaji. Daga baya aka sauya tsari, tsofaffin muryoyin suka daina tafiya daidai. Mutane suka sake naɗar sababbi, wasu suka koma muryar na'ura. Wannan mutum ɗaya ne ya ƙi motsi.

Wata da watanni tana danna "an gani" ta wuce. Tun rasuwar mahaifinta abin da take yi wa komai ke nan. Ta tsunduma cikin aiki, ta daina zuwa gida, don ba ta iya ganin kujerarsa babu kowa a kai. In Mama ta kira, sai ta bari wayar ta gama ruri, sannan ta aika da saƙo cewa tana taro. Sau ɗaya ta ɗauka, Mama ta ce wayarta na wani abu. Auta ta ce za ta duba in ta zo.

Ranar Alhamis shugaban sashe ya tsaya a bayanta, ya nuna allon da biro.

"Litinin masu asibiti za su zo su ga wannan shafin. Ba na son ganin ja ko ɗaya."

Dogo, wanda teburinsa ke kallon nata, ya leƙo yana dariya. "Mutumin naki ne? Sai ka ce da muryar nan aka yanke masa cibiya."

Auta ba ta yi dariya ba.

Hanya biyu ce a gabanta. Ko ta rubuta abin da zai mayar da tsofaffin muryoyi sabon tsari, aikin da zai cinye mata Asabar da Lahadi. Ko ta tura gyaran da zai share su gaba ɗaya, ya sa muryar na'ura a madadinsu, aikin da ba zai kai la'asar ba.

Ta fara bin doguwar hanyar. Tana tsakiyar rubutu saƙon yayarta ya shigo: "Mama ba ta cewa komai, amma kin san halinta. Jiya ma sai da ta gyara ɗakinki. Don Allah ki zo Asabar."

Ta karanta, ta kifa wayar a kan tebur, ta sake ɗauka ta karanta. Sannan ta goge abin da ta rubuta, ta koma gajeriyar hanya.

Da ta zo turawa, yatsanta ya tsaya a kan maɓallin. Ta hango wani tsoho a ranta, wanda jikarsa ta naɗa masa muryarta tana ce masa ya sha magani. Ta ce wa kanta ai zai sa yarinyar ta sake naɗa masa, minti nawa ne. Ta danna.

Da safiyar Juma'a shafin ya wayi gari fes. Shugaban sashe ya yaba mata a gaban kowa, Dogo ya ce ta sayi lemo. Ita kuwa ta yini tana leƙa inda ɗigon yake fitowa, kamar mai jiran baƙon da ta kora da kanta.

Ranar Asabar ta isa gida. Ta sami Mama a falo, gefen kujerar nan, kwalaben magani a jere a kan ƙaramin tebur. Auta ta durƙusa ta fara ba da haƙuri.

"Tashi, 'yar nan, ai ga ki kin zo," in ji Mama. Ta kama fuskarta ta ƙare mata kallo. "Kin rame. Ba kya cin abinci ne?"

Sai da ta tsare ta ta ci, sannan ta ciro wayarta daga ƙarƙashin matashi, ta goge fuskar da gefen mayafi, ta miƙa mata.

"Tunda ke ce gwanar, duba min. Da ma yankewa take yi, ban cika jin ƙarshenta ba. Amma ko 'Uwargida, tashi, lokaci ya yi' ɗin nan da yake faɗa yana isata yini. Jiya na buɗe, sai na ji wata mata." Ta gyara zama, ta zuba wa 'yarta ido. "Nemo min muryar babanku, Auta, ita kaɗai gare ni."