Takalmin Hedimasta

Hedimasta ya ninke jarida ya cusa cikin takalminsa, ya zura ƙafa, ya dubi madubin ɗakin masauki. Madalla, ya ƙaru.

Makarantar tasa a falon gidansa take. Shi ke koyar da lissafi da tarihi, matarsa Umma na da kimiyya, ɗaliba kuwa ɗaya tal, 'yarsu Auta. Tun tana 'yar mitsitsiya ya kafa doka da bakinsa: ranar da ta fi shi tsawo, a rufe makarantar falo, a kai ta ta kwana. Wasa fa yake yi. Wa ya san yaran yanzu da taki ake renonsu?

Duk ƙarshen zango in sun fita hutu, sai an yi awo. Ya fito da takalminsa mai tudu, ita da doguwar rigarta mai sharar ƙasa, su haɗa baya, Umma ta ɗora musu rula a ka. Kullum shi ke ci. Auta kuwa ta wuni tana matsa cinya, wai gajiyar mota.

Bana aka ci amanar bawan Allah. Bakin teku Umma ta zaɓa.

"Cire takalmin, ranka ya daɗe," in ji ta. "Ko da shi za ka shiga ruwa?"

"Ina da kaushi."

"Kaushin ma ya zo hutu."

Ya cire. Jarida ta leƙo, kowa ya kau da kai. Ya tara yashi da yatsun ƙafa ya hau, ya miƙe wuya kamar zakara zai yi cara. In falo ya zama ba Auta, wa zai yi wa jan biro? Wa zai yi dariyar labaransa da Umma ta haddace?

"Baba, ban da ɗage," in ji Auta.

Umma ta ɗora rula. Rular ta yi rawa, ta yi rawa, sannan ta gangara wajen Auta.

"Kun gani ko!" Hedimasta ya daki ƙirji. "Tsawo a jini yake. Litinin akwai jarrabawa!" Ya wuce sayo musu askirim, yana taku ɗaiɗai.

Sai da ya yi nisa Umma ta zunguri 'yarta. "To, ya tafi, miƙe gwiwoyin haka nan. Tun bara waccan kike wannan tsugunon cikin riga, so kike ki gurgunce?"