Fasinjan Ɗaki Na Shida

Tsohon da ke ɗaki na shida ya mayar da kifin da aka kai masa, ya ce an kashe shi da man shanu. Ranar da jirgin ruwan ya bar garin Khasab ke nan, kuma kafin la'asar duk ma'aikata sun san da zamansa.

Jirgin ƙarami ne, fasinja talatin da biyu, ma'aikata arba'in. Kwana shida yake yi yana kutsawa lungunan tekun Musandam, inda ba hanyar mota, waya ma ba ta kamawa.

Madam Raniya, shugabar ma'aikata, ta tara su a kicin.

"Kamfani zai rage mutane bana, kuma an ce za a turo mai duba mu a ɓoye," ta ce. "Wannan shi kaɗai ya zo, fasfo na Kanada, ɗaki mafi tsada. Kowa ya shiga taitayinsa."

"Shi ne, wallahi," in ji Biju mai dafa abinci. "Kifin dolfin ya yi tsalle a gabansa, ko waya bai ɗaga ya ɗauki hoto ba."

Wanda abin ya fi damu shi ne Humaid, jagoran masu yawon, mai 'ya'ya mata uku a Khasab. Duk sanda aka sauke kwalekwalen roba don kai baƙi gaɓa, tsohon sai ya zauna daf da shi. Ba ya kallon duwatsu. Humaid yake kallo, yana jero masa tambayoyi da Turanci. Kana da aure? Yara nawa? Me sunayensu? Ana ba ka hutu kuwa?

Humaid ya riƙa amsawa kamar a gaban alƙali.

"Aikin nan babu kamarsa, Baba," ya ce.

Tsohon ya kafa masa ido. Humaid ya gane ya yi shisshigi, daga nan ya koma kiransa Yallaɓai.

A rana ta uku suna shiga wani matsattsen lungu a kwalekwalen, tsohon ya ɗaga sandarsa ya nuna hagu. Matuƙin ya karkata, sai ga dutse ya wuce ta gefensu, ruwa ya rufe shi da kamar taƙi ɗaya.

"An ba shi taswira," in ji Biju da ya ji. "Kamfani ba ya wasa."

Rana ta huɗu ita ce ranar labari. Kowane mako, idan jirgi ya tsaya a bakin lungun ƙauyensu, Humaid yakan tara baƙi a benen jirgin ya ba su labarin mahaifinsa, Zahran. Shekara talatin da takwas da suka wuce guguwa ta rutsa da masunta a teku. Zahran ya kwance kwalekwalensa ya bi su shi kaɗai, ya bar matarsa da cikin wata bakwai. Masuntan sun dawo. Shi ko gawarsa ba a gani ba. Kamfani ya ji daɗin labarin har ya buga shi a takardar talla.

Humaid ya ba da shi yadda bai taɓa ba. Wata Bajamushiya ta yi kuka. Da aka watse tsohon yana nan zaune.

"Wa ya ba ka wannan labarin?"

"Mahaifiyata, Yallaɓai."

"Shi kaɗai ya fita, ta ce?"

"Shi kaɗai."

"Madalla," in ji tsohon. Ya tashi ya shige ɗakinsa, ranar bai ci abincin rana ba.

Madam Raniya ta ce ita ba ta son wannan madallar. Biju ya ce wa Humaid, in an sallame shi, shi Biju yana da ƙane da ke neman mai wanke motoci a Sharja.

Washegari da hantsi aka kai baƙi ƙauyen. Gida tara ne suka rage da mutane a ciki, sauran duk sun koma Khasab. A tsarin tafiyar, Mauza, mahaifiyar Humaid, ita ce ke ba baƙi gahawa da dabino a inuwar gidanta. Humaid ya riga kowa hawa tudun, yana haki.

"Umma, akwai wani tsoho mai sanda. Abincina a hannunsa yake. Ki fara ba shi kofi, kuma don Allah ki riƙe bakin nan naki yau."

"Bakina ne ya raine ka," ta ce. "Matsa ka ba ni wuri."

Baƙi suka iso suka zazzauna a tabarma. Tsohon ne na ƙarshe. Bai tambayi hanya ba, ya kuma sunkuya a ƙofar tun kafin Humaid ya ce a yi hankali da kai. Ya tsaya a tsakar gida.

Mauza ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ɗauki butar gahawa ta zuba wa Bajamushiya, ta zuba wa na kusa da ita, ta zagaye tabarmar kaf. Shi kaɗai ta bari. Da ta zo kan tsohon sai ta ajiye butar, ta goge hannu da gefen mayafinta, ta yi magana da harshen ƙauyen, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Mako biyu ka ce za ka yi a Dubai, Zahran. Na yi maka mutuwa mai kyau, yaron nan har abinci yake ci da ita. Me ya hana ka zama a cikinta?"