Gaisuwar Baba Inuwa

Tun da Mahaɗa, shafin da ke raba wa kowa aiki, ta fara sauraron mutane ta maɓallin wuyan riga, gaisuwa ta zama abin tsoro. Ka yi magana da wanda aka rufe wa shafi, kai ma a rufe naka. Lurwanu mai gyaran famfo kuwa an riga an yi masa gargaɗin ƙarshe.

Ya shiga kasuwa sayen bututu, sai ga Baba Inuwa, maigidansa da ya koya masa riƙon sifana, zaune a bakin rumfar mai sayar da bututu, hannu rabbana. Tun bara aka rufe masa shafi, kowa ya sani.

Gwiwoyin Lurwanu suka fara lanƙwashewa da kansu, zai durƙusa. Maɓallin ya ɗumama a wuyansa. Ya miƙe, ya kafa wa bututun ido.

Tsohon ya gane. Ya juya fuskarsa bango kamar mai magana shi kaɗai, yana tambaya yana amsa wa kansa.

"Lurwanu, ina wuni? Lafiya lau, Baba. Ya aiki? Mun gode Allah, Baba. Ya jikin mahaifiyarka? Da sauƙi, Baba." Ya gyaɗa kai. "To madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Juma'ar da ta wuce aka binne ta.

Lurwanu ya buɗe baki. Maɓallin ya ƙara zafi, har ya ji shi a maƙogwaro.

"Malam," ya ce wa mai rumfa, "miƙo min wancan dogon."