Sunan da Ya Riga Liman Fita

Uzairu yana zaɓen albasa a kantin kayan abincin gida da ke titin Gate City Boulevard, a ƙasar wajen da yake karatu, sai Anti Liyatu mai kantin ta leƙo ta bayan buhunan shinkafa.

"Angon ƙarni! Ya mai jego? Ya takwarar Hajiya?"

Albasar ta suɓuce masa, ta gangara ƙarƙashin kanta. Kwanan jaririyar biyar a duniya, saura biyu suna, kuma ba wanda ya gaya wa sunan. Ko matarsa Mubina ya ɓoye mata, don ya san cikinta ba ya riƙe magana in dai ga mahaifiyarta. Mahaifiyar kuwa, Hajiya Kubura, ita ce ta baro Kano da ciwon gwiwarta ta zo wankan jego, ita ce kuma ya yi wa takwara. Burinsa ɗaya ne: ya ga fuskarta sa'ad da liman zai faɗi sunan.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, tsaron waya sana'arsa ce. Digiri na uku yake yi a kai. Shi ne mai ƙwace wayar mutane a wajen walima yana goge musu manhajoji, yana wa'azin cewa taurari biyar a kantin manhaja ba shaidar gaskiya ba ne. A gidansa ba a sauke komai sai da izininsa. Ko na'urar sauraren jaririyar, wadda ke ɗauko har numfashinta, wata guda ya yi yana bincike kafin ya kafa ta a jikin gadon, ya haɗa ta da wayar Hajiya da hannunsa.

To ta ina aka shigo masa?

A mota ya tuna. Ranar Talata, bayan an dawo daga asibiti ya rufe ƙofa ya yi wa yarinya huɗuba a kunne, ya fita zuwa wani shagon shayi a titin Wendover. Can, cikin ɗokin sabon uba, ya sauke wata manhajar buga kofunan suna, ya hau Wi-Fi ɗin shagon, ya rubuta sunan ɓaro-ɓaro. Shi, Uzairu!

Washegari ya wuni a ɗakin gwaji na jami'a. Ya kafa tarko tsakanin wayarsa da manhajar, ya ga abin da ya ji tsoro: saƙonninta a buɗe suke tafiya, ba ƙulli ba ɗauri, duk wanda ya zauna a tsakiya zai karanta. Ya rubuta wa masu ita wasiƙa mai zafi. Sannan ya tuna abokin karatunsa Yahya yana shagon ranar, da kwamfuta a gabansa, kuma matar Yahya ƙawar Anti Liyatu ce. Ya tare shi a bakin lif.

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Yahya. "Ni aikin da zan miƙa nake yi, ko ganinka ban yi ba."

Uzairu bai yarda ba. Ya canza duk kalmomin sirrin gidan, ya shiga ranar suna da sauran fata ɗaya: wataƙila maganar ba ta kai kunnen Hajiya ba.

Da liman ya faɗi sunan, ya saci kallon ɓangaren mata. Hajiya Kubura ta dafe ƙirji, ta yi salati, ta rufe fuska da mayafi tana hawaye. Daɗi ya kama Uzairu har ya yafe wa Yahya a zuci.

Bayan an watse ya sami Mubina a ɗaki yana washe baki. "Kin ga Mama kuwa? Ta sha mamaki!"

"Ai kwana huɗu tana gwada wannan mamakin a gaban madubi, don kada ranka ya ɓaci," in ji Mubina. Ta nuna na'urar da ke jikin gadon da baki. "Abban Ummi, ranar da ka rufe ƙofa kana raɗa mata suna, wayar Mama tana kan firji, mu tara a kicin ana suyar cincin. Har amin muka amsa maka."