Tayoyin Gefen Dama

Tun da suka fara zana ƙafafun mutum-mutumi mai inji da za su kai gasa Kaduna, kwamfuta ɗaya suke zama a gabanta. Bushira ce ke zana tayoyi da sarƙar gefen hagu, Sadisu kuma na gefen dama. Yau da ya shigo ɗakin kwamfutar makarantarsu ta Birnin Gwari bayan la'asar, ko kujerarsa bai ja ba.

"Baffa ya ce jibi za mu tashi da shanun," ya ce, idonsa a ƙasa. "Dajin nan ya fi ƙarfinmu. Ni ma ban san inda za mu sauka ba."

Bushira ta ƙura wa allon ido. Gefen dama na sabon zanen wayam yake, ko taya ɗaya babu.

Ya sunkuyo ya nuna mata wani ɗan maɓalli. "Danna nan. Manhajar za ta kwaikwayi gefenki ta cike nawa, ba sai kin jira ni ba."

Ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Sadisu, tun ranar farko na san maɓallin nan."