Majinyaci N.

Ludmila, 'yar kawuna, ta karanta littattafan halayyar ɗan Adam da jaki uku ba za su iya ɗauka ba. Abin da ba a koyar da su a jami'a a nan Rosario ta Ajantina shi ta sa gaba, ita kaɗai, wai bincike kan maza masu ɓoye ciwon da ke ransu. Ni da boko ya kore ni tun aji uku, nawa ido.

Ranar Lahadi muna gidan Kaka, nama yana kan garwashi, saurayinta Nahuel ya shigo da zoben neman aure a aljihu. Ni na raka shi saye. Ya ɗaga takardun bincikenta daga kujera zai zauna, sai ya tsaya cak.

"Wane ne Majinyaci N.?"

Ta miƙa masa ƙoƙon shayin mate. Bai karɓa ba.

"Masoyi, ai na ɓoye sunanka."

"Makanike, shekara talatin, uwarsa ta gudu yana ɗan shida. Mu nawa ne a unguwar nan, Likita?"

Na ce, "Haba, ango, ka shiga littafi fa!" Ba wanda ya yi dariya.

Ya dube ta. "Ranar da na yi kuka a kafaɗarki, saurarona kike yi ko haddacewa?"

Ta ajiye ƙoƙon, ta sunkuyar da kai. Yarinyar da ko limamin coci ba ya kayar da ita a musu!

Can ta ce, "Duka biyun."

Ya ajiye takardun a hankali, ya sumbaci Kaka a kumatu, ya fita. Na rantse, ƙofa ba ta gama rufuwa ba na ga hannunta yana laluben biro.