Sojan da Ya Kwana a Ɗankaza

Khaulat ta ajiye motarta inda hanya ta ƙare a bakin wata gonar dawa a Lajawa, ta ƙarasa da ƙafa. An ce mata Malam Yahuza, ɗan tsohon limamin garin, ya haura casa'in amma bai manta komai ba.

Ita malama ce a jami'ar da ke Wudil. Duk shekara takan ba ɗalibanta labarin Yaƙin Duniya na Ɗaya: yadda aka harbe wani yarima a Turai, manyan ƙasashe suka ja daga, kowace da ƙawayenta, har gobarar ta iso ƙauyukan da ba su taɓa jin sunan Jamus ba. Abin da ba ta gaya musu shi ne, cikin mazan da aka tara wa Turawa akwai Isyaku na Ɗankaza, mahaifin kakarta Hansai.

Hansai tana ciki aka tafi da shi. Innar da ta rene ta a Lajawa, ƙanwar mahaifiyarta, ta ce mata ya mutu a yaƙi, kuma ba ta son a ƙara tambayarta. Sauran labarin kuwa ta sha maimaita shi. Shekarar da aka gama yaƙin, wani soja da aka sallama ya kwana a gidansu a Ɗankaza yana tari. Kafin watan ya ƙare, annobar mura ta ɗauke uwar Hansai da yayyenta maza biyu da kakarta. Ita kaɗai aka fito da ita a goye.

Hansai ta tsufa da addu'a biyu bayan kowace salla. Allah ya jiƙan Isyaku duk inda ƙasa ta rufe shi. Sojan nan kuma, Allah ya isa.

Khaulat ta yi mata alkawarin gano kabarin. Ta je Garwa a Kamaru, inda aka fara kai su Isyaku. Daga baya ta je Tanzaniya, inda yunwa da zazzaɓi suka kashe fiye da waɗanda harsashi ya kashe. Ta ga kaburburan hafsoshin Turawa a jere da sunayensu. Na Isyaku ba ta gani ba. Hansai ta rasu tana jira.

Yanzu Khaulat ta haƙura da kabarin. Ɗaya mutumin take nema, ko sunansa ne ta ji.

Ta sami Malam Yahuza a kan buzu a inuwar darbejiya. Suka gaisa, ya tambayi gida da aiki da hanya, sannan ya ce ta faɗa masa 'yar wa ce. Da ta ce jikar Hansai, sai ya shiga murza carbi.

"Kin taɓa jin labarin Maikano?" ya ce.

Ta taɓa ji. Wani tsohon masunci ne da ya zauna shi kaɗai a bukka a bakin kogi, babu mata babu ɗa, ba a san garinsu ba. Ba ya musabaha da kowa. Idan zai yi magana sai ya ja baya ya rufe baki da bakin rawaninsa. A masallaci yana ƙarshen sahu, wajen ƙofa. Yara suna ce masa mahaukaci. Hansai takan ba da labarinsa tana dariya: yakan ajiye kifi a ƙofar gidan mijinta ya wuce, in ta aika masa da tuwo ya ce a dire a ƙasa zai ɗauka. Ranar da Talatu, mahaifiyar Khaulat, ta faɗa kogi tana ƙarama, shi ya tsamo ta. Yana ajiye ta a kan yashi ya koma nesa ya tsaya, ya ƙi ko shafa kanta.

"Shi ne sojan," in ji Malam Yahuza.

Khaulat ta zuba masa ido. Ashe mutumin da kakarta ta yi wa Allah ya isa tsawon rayuwarta yana nan kusa, tana cin kifinsa.

Tsohon ya ci gaba: "Ina wurin lokacin da Maikano, yana kan gargara, ya gaya wa mahaifina. Ya ce ya tsira a Garwa, ya tsira a dajin Tanzaniya inda suka ci ganye da saiwa. A jirgin ƙasa daga Ikko tarin ya kama shi, ya ɗauka sanyi ne. Ya warke. Mutanen gidan ba su warke ba. Shi ya haƙa kaburburan nan huɗu, don babu mai lafiyar da zai taya shi. Tun daga ranar bai yarda numfashinsa ya sake taɓa wani ba."

"Ya san wace ce Hansai, Baba?"

"Don ita ya biyo Lajawa. Innarta ta ce ya zauna in ya ga dama, amma kada ya buɗe baki. Shi ma ya roƙe mu kada Hansai ta ji tana raye. Ya ce a bar mata addu'arta yadda take."

Khaulat ta goge ido da gefen mayafinta. Haushin da ta gada ya ƙi tafiya, tausayi kuma ya ƙi barinta.

"Amma Baba, duk gidajen Ɗankaza, me ya kai shi namu? Me ya sa bai wuce garinsu ba?"

Tsohon ya dube ta har ta sunkuyar da kai.

"Ina zai wuce, jikata? Isyaku ba masauki ya nema ba. Gidansa ya dawo."